Kyamarar ƙwan fitila mai Wi-Fi: abin da take iya gani, da waɗanda za su iya gani tare da kai

Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ya leƙa Jumia da Jiji, ya ci karo da ita. Kyamara ce da aka yi mata gindi irin na ƙwan fitila, a murɗa ta a mazaunin ƙwai na E27 kamar yadda ake sa ƙwan lantarki mai murɗawa, ba fasa bango, ba jan waya. Tana juyawa hagu da dama, tana ɗaga kai tana sunkuyarwa, tana da makirufo da 'yar sifika, da ramin katin memori, da wani ɗan ƙaramin maɓalli na mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Kwalin kuwa ya sha rubutu: 5MP, 4K, ganin dare mai launi, gane mutum. Abin da ba kasafai ake samu a jikin kwalin ba shi ne sunan kamfanin da ya ƙera ta da adireshinsa. Sai dai sunan manhajar da za a sauke, V380 Pro ko iCSee ko Yoosee ko YCC365 Plus.

Hukuncinmu a kanta bai da tsawo. A shago ko a ƙofar gida tana iya biyan kuɗinta, matuƙar an san iyakarta. A ɗakin kwana da tsakar gidan iyali ba ta da wuri ko da kyauta aka ba da ita.

Haɗa ta ba wuya. Ana sauke manhajar, a buɗe asusu da imel ko lambar waya, a kunna kyamarar, a danne ɗan maɓallin nan na daƙiƙa biyar zuwa goma har ta yi magana. Daga nan takan fitar da nata Wi-Fi ɗin (a masu amfani da V380 sunansa yakan fara da MV sai lambobi), a shiga da waya, a zaɓar mata Wi-Fi ɗin gida, a rubuta kalmar sirrinsa. Inda mutane suka fi maƙalewa shi ne zangon Wi-Fi. Yawancin waɗannan kyamarori zangon 2.4GHz kaɗai suka sani. Idan rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ta haɗe 2.4 da 5GHz a suna ɗaya, sai kyamara ta yi ta ƙoƙari tana kasawa, mai ita ya ɗauka jabu aka sayar masa. Maganin shi ne a shiga saitin rauta a raba zangon biyu kowanne da sunansa, ko a kashe na 5GHz har a gama haɗawa. Bango ma yana da nasa: bulon siminti biyu ko uku tsakanin rauta da kyamara sun isa su sa hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya.

Batun hoto shi ne inda kwali ya fi zuƙa ta malle. Idon da ke cikin irin waɗannan yakan kasance na 720p ne, wato ɗigo 1280 a faɗi, ko na 1080p mai ɗigo 1920 a faɗi, kimanin megafiksil biyu. Sauran adadin da kwali ke faɗa manhaja ce ke kumbura hoton, girma ya ƙaru, bayani bai ƙaru ba. Kada a tsaya duba girman fayil, domin shi ma kumburarre ne. A sa mutum ya tsaya da jarida a hannu a nisan mita uku, sannan mita biyar, a ga inda manyan haruffa suka daina karantuwa. Masu sana'ar saka kyamara suna da ma'auni na ƙasa da ƙasa: kafin a iya tantance fuskar baƙo ana bukatar ɗigo 250 a kowace mita ta faɗin wurin da kyamara ke kallo. Idan aka raba 1920 da 250, faɗin da ya rage bai kai mita takwas ba, kuma a kyamara mai buɗaɗɗen ido hakan na nufin mutum ya matso kusan mita huɗu. Mai 720p kuwa sai ya zo kusan mita biyu da rabi. Bayan wannan nisa za ka ga wani ya shigo da farar riga ya fita, amma ba za ka iya dafa Alƙur'ani a kan ko wane ne ba.

Ga kuma inda mazaunin ƙwai yake. Yawanci a tsakiyar silin ne, saboda haka kyamarar daga sama take leƙowa, abin da ta fi ɗauka hula ce da saman hijabi. Wanda ya sa hana-salla ya gama da ita. Kyamarar da ake son ta kama fuska tana bukatar ta fuskanci ƙofa daga gefe, a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, ba rana ko hasken taga a bayan mai shigowa.

Da dare abin ya fi lalacewa. Fitilunta na ganin duhu, waɗanda ke yin ɗan ja-ja idan an kalle su, suna haska mita kaɗan ne. Don ta tara haske sai ta rage saurin ɗauka, shi ya sa kujera da kantar shago ke fitowa tsaf amma mai tafiya ya zama kamar hayaƙi. Farin bango da ke kusa yana dawo mata da hasken ya kashe sauran wurin, gilashin taga ma haka. Da damina ƙwari na taruwa a kan hasken, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin ido, sai waya ta kwana tana ƙarar "an ga motsi". Da hunturu ƙura ce. Bayan kwana biyu na wannan ƙarar mai gida kan kashe sanarwar gaba ɗaya, a nan rabin amfanin kyamarar ya tafi. Gara a rage ƙarfin jin motsin zuwa matsakaici, a zana mata yankin ƙofa kaɗai idan manhajar ta yarda, a riƙa goge idon da ƙyalle mai laushi.

Wuta, kati da data

Babban lahanin wannan samfuri a ƙasarmu shi ne ainihin abin da ake tallata shi da shi. Tun da daga mazaunin ƙwai take cin wuta, duk wanda ya danna makunnin bango ya kashe ta, ko yaro ne ko yaron shago. Ba ta da batir. NEPA ta ɗauke, ta mutu, kuma kowa ya san lokacin da ɓarawo ya fi so. Ba a iya ciyar da ita da 'yar ƙaramar ma'ajiyar wuta irin wadda ake sa wa rauta mai fitar da 5V ko 12V, sai dai layin fitilar ya kasance a kan inbata. Wanda ba shi da inbata ya fi masa ya sayi 'yar'uwarta mai igiyar USB ko mai cajar 12V, ya haɗa ta da rauta a kan ma'ajiya ɗaya. Kyamarar ba ta cin fiye da 'yan wat kaɗan, ko da fitilun dare na kunne.

Ɗaukewar wuta na jawo wasu matsaloli biyu da ba a lura da su sai ranar bukata. Da yawa daga cikin kyamarorin nan ba su da batirin agogo, daga intanet suke karɓar lokaci. Idan wuta ta dawo amma rauta ba data, sai ta ci gaba da ɗauka da kwanan wata na bogi, ka zo neman abin da ya faru daren Talata ka rasa inda ya shige. Na biyu, idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, guntun bidiyon ƙarshe yakan lalace, wani lokaci katin gaba ɗaya ya nemi a goge shi.

Katin memori ba ya zuwa a kwali, kuma na jabu sun cika kasuwa: a rubuta 128GB a jiki alhali cikin bai kai takwas ba. Irin wannan kati yana nuna kamar yana ɗauka, sai an zo kallo a tarar da fayiloli marasa buɗuwa. A gwada kati a kwamfuta da manhajar H2testw kafin a sa shi, a kuma nemi wanda aka yi don rubutu ba tsayawa, sannan a goge shi daga cikin manhajar kyamarar, ba daga waya ba. Lissafin kwanaki mai sauƙi ne. Bidiyo mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin kimanin 450MB a awa, kusan 11GB a yini. Ke nan katin 64GB zai riƙe kwana shida kafin sabo ya hau kan tsoho. Wannan 450MB ɗin ita ce kuma datar da za ta tafi a duk awar da aka yi ana kallo daga nesa da hoto mai kyau, kuma sau biyu ake biya: MiFi ɗin shago ya tura, wayarka ta karɓa. Mai kallon shagonsa daga gida ya bar shi a ƙaramin hoto, sai ya ga abin da bai gane ba ya ɗaga.

Amma duk wannan hidima ta kati tana da rami ɗaya. Ɓarawon da ya lura da kyamarar zai murɗe ta ya sa a aljihu, da ita da katin da shaidar. Amsar da manhaja ke bayarwa ita ce ka biya kuɗin wata-wata a ajiye maka bidiyon a rumbun kamfanin da ke intanet. Yana magance satar kati, gaskiya ne. Sai dai daga nan hoton gidanka ya koma hannun mutanen da ko sunansu babu a kwalin.

Wa ke riƙe da ɗaya bakin zaren

Ko ba a biya kuɗin rumbu ba, kyamarar ba ta zama shiru. Da zarar ta samu intanet takan kira sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ke intanet, ta sanar da lambarta, wadda ke rubuce a jikinta tare da alamar QR. Idan ka buɗe manhaja, ita ma sabar take tambaya ina mai wannan lamba, sabar ta haɗa ku, in haɗin kai tsaye ya gagara bidiyon ya bi ta cikinta. Shi ya sa kake iya kallon shagonka na Kantin Kwari kana Abuja ba tare da ka taɓa saitin rauta ba. Sauƙin na gaske ne, amma ma'anarsa ita ce tsaron gidanka ya rataya a kan abu biyu: kalmar sirrinka, da kuma kulawar kamfanin.

Tarihin wannan kulawa ba mai daɗi ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin ɗaukar bidiyo, ba da wata dabara mai zurfi ba, da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa mutane ba sa canzawa, irin su admin da 12345. Da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa masu shiga intanet da adireshin shafuka, hari a watan Oktoba na shekarar har Twitter da Netflix suka tsaya a sassan Amurka, kuma kamfanin Xiongmai na China, mai ƙera kayan ciki ga kyamarori masu sunaye barkatai, ya janye wasu kayansa daga kasuwa. A 2019 wani mai bincike, Paul Marrapese, ya nuna cewa tsarin haɗi na iLnkP2P da ke cikin na'urori sama da miliyan biyu yana barin a iya lalubo lambobinsu a kuma saci kalmar sirri a hanya. Sai a watan Afrilu na 2024 dokar Birtaniya da ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri ta bai ɗaya ta fara aiki. Kayan da ke shigo mana ba wannan dokar ke bi da su ba.

Wani zai ce to a sayi mai suna. Ya fi, amma ba a rufe ido. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin kyamarorin gida na Ring, mallakar Amazon, ya biya dala miliyan 5.8. Cikin abin da ta zarge shi da shi akwai wani ma'aikaci da ya shafe watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyoyin mata masu amfani da kyamarar a ɗakunan kwana da banɗaki, da kuma kutse a asusun mutane kimanin 55,000, inda wasu masu kutsen suka riƙa yi wa mutanen gida magana ta sifika, har da yara. Eufy, mai kyamarorin gida na kamfanin Anker, ya yi ta talla cewa bidiyo ba ya barin gida, sai a ƙarshen 2022 wani mai bincike, Paul Moore, ya nuna ƙananan hotunan fuskoki na tafiya rumbun intanet, aka kuma gano ana iya kallon wasu kyamarorin kai tsaye da manhajar VLC ba wani kulle. Kamfanin ya amsa laifi a farkon 2023. A watan Fabrairu na 2024 masu amfani da kyamarorin Wyze kusan 13,000 suka ga hotunan gidajen da ba nasu ba a manhajarsu. Waɗannan duk an san su ne saboda kamfanonin suna da suna, da adireshi, da hukuma a kansu. Mai kwali marar suna ba wanda zai tilasta masa ya faɗa, ba kuma tabbacin zai taɓa aiko da gyaran manhajar ciki. Araha ba ta ado.

Duk da haka, haɗarin da ya fi kusa da mai saye a nan ba wani mai kutse ne daga wata ƙasa ba. Mai sakawa ne. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce yaron da ya zo haɗawa ya buɗe asusu da nasa imel, ko ya haɗa kyamarar da wayarsa don gwaji, sannan ya "raba" wa maigida. A tsarin manhajar shi ne mai kyamara, maigida baƙo ne. Kamar kafinta ne ya sa maka ƙofa ya wuce da makulli ɗaya. Ba lallai yana da mugun nufi ba, amma wayarsa na iya ɓata, yana iya sayar da ita, abokansa na ɗauka. Haka tsohon yaron shago da aka taɓa ba kalmar sirri, haka wanda aka rabu ba daɗi.

Gyaran wannan bai fi minti goma sha biyar ba. Kafin mai sakawa ya tafi, a sa ya cire na'urar daga asusunsa tukuna, domin wasu manhajojin ba sa sakin kyamara da danna maɓalli kaɗai. Sai a mayar da ita sabuwa, a buɗe asusu da imel ɗin mai gida, a haɗa da kai. A lura cewa kalmar sirri biyu ce a yawancinsu, ta asusu da ta kyamarar kanta, kuma ta biyun ce ake bari fayau ko a kan admin. Kowacce ta zama doguwa, haruffa goma sha biyu ko fiye, ba lambar waya ba, ba shekarar haihuwa ba, ba kuma wadda ake amfani da ita a Facebook ba, domin da kalmomin sirrin da suka zube daga wasu shafuka aka shiga asusun masu Ring. Idan manhajar na da tabbatarwa mai mataki biyu a kunna. A duba jerin waɗanda aka raba wa lokaci-lokaci. A ɓamɓare takardar QR da ke jikin kyamarar a adana, kada kowane mai shigowa ya ɗauke ta a hoto. A rauta kuma a kashe UPnP, wato saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet, a sa kyamarar a Wi-Fi na baƙi don kada ta ga kwamfuta da wayoyin gida.

Manhajar ma abin dubawa ce, tun da a wayar da ke ɗauke da OPay da manhajar banki za ta zauna. Daga Play Store ko App Store kaɗai za a sauke ta, ba daga wani fayil da alamar kwali ta kai ka ba. Izinin sanin wuri tana bukatarsa lokacin haɗawa, saboda Android ba ya barin a lalubi Wi-Fi sai da shi, an gama sai a janye. Makirufo na magana da wanda ke gaban kyamara ne. Lambobin waya da saƙonnin tes kuwa ba abin da ya haɗa kyamara da su, kuma ta tes lambobin tabbatarwa na banki ke shigowa.

Sai inda za ta kalla, wanda ya fi duk saitin nan muhimmanci, domin abin da kyamara ba ta gani ba ba mai iya sacewa. Tsakar gida wurin da mata ke sakewa ne ba mayafi, yara na wanka a baho, ana hirar da ba ta waje ba, ga makirufo a kunne tun daga masana'anta. Zaure, ƙofar gida, gareji da bayan katanga sun isa. Mai bene ya tuna cewa kyamara mai juyawa tana iya leƙa gidan maƙwabci ta saman katanga, ko da ba shi ya juya ta ba. Addini ya hana leƙen asirin mutane, aya ta 12 a Suratul Hujurat a fili take, sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin gidaje, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗaga ƙafa ga amfanin gida ne kawai matuƙar bai taka haƙƙin sirrin wani ba. Mai shago ba ya cikin wannan sassauci. Ya manna sanarwa cewa akwai kyamara, ya gaya wa yaransa, kuma ya kauce wa kuskuren da ake yawan gani a shagunan POS: kyamara a saman kantar shago tana kallon yatsun kwastoma yana danna lambar sirrin katinsa. Ranar da bidiyon ya fita, mai shagon ne zai yi bayani.

Wa ya kamata ya saya? Mai ƙaramin shago da ke da inbata, wanda bukatarsa ita ce ya san ƙarfe nawa aka buɗe, ko ya warware gardamar canji da kwastoma. Mai haya da ba a yarda ya fasa bango ba. Ga waɗannan ta isa, a matsayin shaida, ba maigadi ba. Wanda zai iya ƙara kuɗi ya nemi mai suna irin Tapo na TP-Link ko Ezviz ko Imou, waɗanda aƙalla ke aiko da gyaran manhaja kuma akwai inda za a kai ƙorafi. Wanda ke tsare dukiya mai nauyi kuwa, sito ko gidan mai ko babban gida, tsohon tsari ya fi masa: kyamarori huɗu masu waya, da na'urar ajiye bidiyo ta DVR mai faifan 1TB a kulle a ɗakin da baƙo bai sani ba, a kan inbata. Wannan yana aiki ko ba intanet, kuma idan ba a jona shi da rauta ba babu sabar da ke ganin komai. Farashin hakan shi ne ba kallo daga nesa.

Idan kuma kyamarar ta lalace za a kai gyara, ko za a sayar ko a bayar, a zare katin memori tukuna, a cire ta daga asusu, a danne maɓallin mayarwa don ta manta kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gida. Mai sayen ta hannu shi ma ya sa a haɗa ta da wayarsa a gabansa kafin ya biya, domin wadda ke ɗaure da asusun tsohon mai ita ko dai ta ƙi haɗuwa, ko ta haɗu alhali yana iya gani.